Girman Kai Rawanin Tsiya

(Jawabin da Magatakardan Liman ya karanta a madadin Malam Liman da kwamitin gini, ranar aza harsashin masallaci a Haɗejiya)

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda girma nasa ne shi kaɗai, ba shi da abokin tarayya a cikinsa. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Wakilin Mai Martaba Sarkin Haɗejiya, Allah ya ja zamanin Sarki. Allah ya gafarta Malam Liman da na'ibansa. Hakimai da dagatai da masu unguwanni. Malamanmu da alarammomi. Iyayenmu maza da mata. Da dukkan waɗanda suka taimaka da dukiyarsu ko da ƙarfinsu.

Bayan haka, Malam Liman ya umurce mu da mu karanta wannan jawabi a madadinsa da na kwamitin gini. Al'ada ce a irin wannan rana a cika kunnuwan jama'a da yabon masu bayarwa, kuma lalle sun cancanci yabo. Amma Malam ya ce mu yi magana a kan girman kai, musamman girman kan shugabanni na da da na yanzu. Dalilinsa kuwa shi ne, yau harsashi muka zo azawa, shi kuwa harsashi ba a ganinsa bayan an gama gini. A ƙarƙashin ƙasa yake zama, amma shi ke ɗauke da bango da rufi da hasumiya. Haka niyya take. In ta lalace tun daga tushe, siminti da rodi ba za su gyara ta ba.

MENE NE GIRMAN KAI?

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu san abin da muke magana a kansa, domin mutane da yawa sun ɗauka kyakkyawar riga ko babban gida shi ne girman kai. Imam Muslim ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'udu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi gargaɗi cewa wanda ke da girman kai a zuciyarsa ko daidai da ƙwayar zarra ba zai shiga Aljanna ba. Sai wani mutum ya yi tambaya game da mai son tufafinsa da takalmansa su yi kyau. Manzon Allah ya nuna masa cewa wannan ba ya ciki, sa'an nan ya bayyana girman kai da abu biyu: ƙin karɓar gaskiya, da raina mutane.

To, jama'a, mu riƙe waɗannan biyu, domin da su za mu auna duk wanda za mu ambata. Talaka in ya yi girman kai, kansa da gidansa ya cuta. Shugaba kuwa in ya yi, ƙasa guda ce za ta biya. Fadawansa za su lura ba ya son a faɗa masa gaskiya, sai su daina faɗa. Masu faɗar sai su ja da baya, 'yan kanzagi su cika zaure. Daga nan sai ya zama yana mulkin ƙasar da ke cikin bakin maroƙansa, alhali ƙasar da ke waje ta daɗe da sakewa.

MUTANEN FARKO

Farkon saɓon da aka yi wa Allah girman kai ne. An umurci Iblis ya yi sujada ga Annabi Adamu, ya ƙi, ya kafa hujja da asali, wai shi daga wuta aka halicce shi, Adamu kuwa daga yumɓu. Duk wanda ya ce wane bai isa ya gaya mini magana ba don ni ɗan gidan wane ne, ya san daga inda ya gaji wannan hujja.

Labarin Fir'auna ya fi kusa da mu mutanen bakin kogi. A cikin Suratuz Zukhruf an ba mu labarin yadda ya tara mutanensa yana yi musu alfahari da mulkin Masar, da ƙoramun da ke gudana a ƙarƙashinsa. A cikin Suratul Ƙasas kuma ya umurci wazirinsa Hamana ya gasa masa tubali, ya gina masa dogon bene, wai zai hau ya leƙa Ubangijin Musa. Ba a bar shi babu mai nasiha ba. Akwai wani mumini daga cikin danginsa wanda ya tsaya a fada ya gargaɗe shi, kamar yadda ya zo a Suratu Gafir, amma Fir'auna ya nuna wa fadawansa cewa ra'ayinsa shi ne ra'ayi. Ƙarshensa, da ruwa ya yi alfahari, a cikin ruwa aka hallaka shi.

Ƙaruna shi kuma da dukiya ya yi. Mutanensa suka ce masa ya kyautata kamar yadda Allah ya kyautata masa, ya ce iliminsa ne ya ba shi. Ƙasa ta haɗiye shi da gidansa. Abrahata, mai mulkin Yaman, ya gina ƙasaitaccen ɗakin ibada a birnin San'a don ya karkato da Larabawa daga Ka'aba. Da abin ya ƙi, sai ya tasar wa Makka da giwa wajen shekarar 570, watau shekarar da aka haifi Manzon Allah. Kowane yaro a makarantar allo ya san yadda aka ƙare. Mu lura da wannan da kyau: ɗakin ibada ya gina, amma don sunansa ya gina shi.

A GOBIR DA SAKKWATO

Kada mu ce wannan labarin mutanen gabas ne. Wajen shekarar 1789 Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malaman ƙasarsa a Magami ranar Babbar Salla, ya raba musu kyauta. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya ƙara masa yarda, ya ƙi karɓar dukiya. Maimakonta ya roƙi abubuwa biyar, cikinsu har da a bar shi ya yi wa'azi, a saki waɗanda ke kurkuku, a kuma sassauta wa talakawa haraji. Bawa, duk da jaruntakarsa da kwarjininsa, ya saurara, ya amince, ya kuwa mutu a kan sarautarsa. Yunfa da ya zo daga baya ya ga jama'ar Shehu ta yi yawa, ya ɗauki hanyar ƙarfi. Shehu ya yi hijira zuwa Gudu cikin 1804, aka gwabza a Tafkin Kwatto a wannan shekara, cikin 1808 kuma Alƙalawa ta faɗi, Yunfa ya mutu a cikinta. Gida ɗaya, sarauta ɗaya, amma ɗaya ya ji magana, ɗaya ya ƙi ji.

Su ma masu jihadi ba su tsira daga wannan jarrabawa ba. Malam Abdullahi na Gwandu, ƙanen Shehu, ya ga yadda son mulki da son dukiya suka fara shiga zukatan waɗansu daga cikin mayaƙa tun ana tsakiyar yaƙi. Abin ya dame shi har ya bar runduna wajen 1807 da nufin tafiya Makka. Mutanen Kano suka tsai da shi, a can ya rubuta musu littafin Liya'ul Hukkami a kan yadda ake mulki bisa shari'a. Watau cutar nan ba ta san mai rawani da mai allo ba, kowa tana iya kama shi.

ABIN DA YA FARU A GIDANMU

Yanzu sai mu dawo Haɗejiya. Za mu yi wannan magana da ladabi, domin magabatanmu ne, jikokinsu kuma suna zaune a cikinmu. Ba mu tsaya nan don mu yanke wa kowa hukunci ba, hukuncinsu yana wurin Allah. Amma tarihin da ba a ɗauki darasi a cikinsa ba ya zama hira kawai.

Sarki Sambo, wanda ya kafa gidan sarautar Fulani a cikin birnin nan, ya sauka cikin 1845 ya naɗa ɗansa Garko. Garko bai daɗe ba ya rasu, Abdulƙadir da ya gaje shi shi ma bai daɗe ba. Cikin 1848 sarauta ta faɗa hannun Buhari ɗan Sambo, ko da yake an ce tsohon ya fi son Ahmadu. Babu mai musun jaruntakar Sarki Buhari, ko sanin dabarun yaƙinsa. A zamaninsa sunan Haɗejiya ya kai inda bai taɓa kaiwa ba, har yau kuwa in an ambace shi Bahaɗeje yakan gyara zama.

Amma mu dubi yadda al'amarin ya faro. An kashe ɗan'uwansa Nalara, Sarkin Auyo, bisa umurninsa. Magana ta kai Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, aka nemi Buhari ya zo ya yi bayani, ya ƙi. Cikin 1850 aka aiko Waziri Abdulƙadir ɗan Giɗaɗo, aka tuɓe shi, aka naɗa Ahmadu. Buhari ya fita ya sake shiri, ya dawo cikin 1851 ya karɓe garin, aka kashe Ahmadu, ɗan ubansa. Cikin 1853 aka tattaro babbar runduna daga Sakkwato da Kano da sauran ƙasashe, aka nufo Haɗejiya. A Kaffur Buhari ya auka musu ba su shirya ba, rundunar ta watse. Wannan shi ne Gamon Kaffur da iyayenmu ke ba mu labari.

A nan akwai darasi ta fuska biyu. Waɗanda suka zo da yawa sun dogara ga yawansu, suka raina wanda suka zo yaƙa. Irin wannan ya taɓa samun waɗanda suka fi su daraja a ranar Hunaini, shekara ta 8 bayan hijira, sa'ad da yawan Musulmi ya burge su, sai ga shi yawan bai amfane su da komai ba a farkon gamo. Wanda ya ci nasara kuma, nasarar ta rufe ƙofar duk wani mai iya ce masa bari. Shekara goma bayan Kaffur ana kai hari gabashin Kano da Katagum da sauran maƙwabta. Garuruwan Musulmi suka zama kufai, aka kama 'ya'yan Musulmi aka sayar, manomi ya kasa zuwa gona, fatake suka sake hanya. Baturen nan na Jamus, Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya bi hanyar Kano zuwa Kukawa cikin 1851, ya sake bi a ƙarshen 1854, ya kuwa rubuta irin tsoro da ɓarnar da ya tarar. Cikin 1863 Sarki Buhari ya tafi yaƙin Gogaram a ƙasar Bade, a can ajali ya same shi. Bayansa Haɗejiya ta koma ta daidaita da Sakkwato.

Tambayar da za mu yi wa kanmu ita ce: da a ce tun ranar da maganar Sarkin Auyo ta taso an sami wanda ya isa ya ce, "Ranka ya daɗe, a dakata," an kuma saurare shi, rai nawa za a tsirar? Ba mu da amsa da lissafi, amma kowa ya san ba kaɗan ba ne. Allah ya gafarta musu baki ɗaya, ya gafarta mana.

GIRMAN KAI DABAM, MUTUNCI DABAM

Wani zai ce, to, ashe sai shugaba ya zama mai sunkuyar da kai ga kowa? A'a. Tarihin garin nan ya raba mana tsakanin abubuwan biyu. Cikin watan Afrilu na 1906 sojan Turawa suka taso daga Kano ƙarƙashin Kanar Lowry Cole, da igwa da bindiga mai ruwa, suka tsaya a ƙofar Haɗejiya. Sarki Muhammadu ya san abin da ya sami Kano da Sakkwato cikin 1903, ya san takobi da mashi ba su yi daidai da abin da aka zo da shi ba. Duk da haka ya ƙi miƙa wuya, aka yi yaƙi a cikin gari har fada, ya yi shahada tare da 'ya'yansa da manyan fadawansa da jama'a masu yawa. Shi ya sa muke kiransa Mai Shahada.

In mun auna shi da ma'aunin hadisin nan, ba gaskiya aka kawo masa ya ƙi ba, ƙarfi aka kawo masa. Bai kuma raina mutanensa ba, a cikinsu ya tsaya ya mutu. Wannan shi ake kira izza da kishin addini. Girman kan yana wurin wanda ya ƙetaro teku yana ganin ƙasar wani ta zama tasa don ya fi shi makami. Gwamna Lugga ya faɗa wa manyan Sakkwato cikin watan Maris na 1903 cewa mulki ya koma hannun Ingila da ƙarfin yaƙi. A lokacin suna taƙama wai rana ba ta faɗuwa a daularsu. Shekara 54 bayan yaƙin Haɗejiya, ran 1 ga Oktoba 1960, aka sauke tutarsu a Ikko. Akwai waɗanda suka ga zuwansu suna yara, suka kuma ga tafiyarsu da furfura.

SHUGABANNIN ZAMANI

Zamanin mota da jirgin sama bai warkar da wannan cuta ba. Cikin Oktoba 1971 Sarkin Iran, Muhammadu Riza Pahlawi, ya yi bikin cikar sarautar Farisa shekara 2,500 a kufan tsohon birnin Fasifolis. Aka kafa tantuna na alfarma a cikin hamada, aka ɗauko abinci da masu dafa shi daga birnin Faris, alhali ƙauyukan ƙasarsa da yawa suna fama da talauci. Malamai suka yi magana, aka ɗaure waɗansu, aka kori waɗansu. Cikin Janairu 1979 ya bar ƙasar, ya yi ta yawo daga Masar zuwa Maroko, zuwa Meziko, zuwa Amurka, zuwa Fanama, yana neman wurin da za a karɓe shi. A Alƙahira ya mutu cikin Yuli 1980.

A nan Afirka, Bokassa na Afirka ta Tsakiya ya ga shugaban ƙasa ya yi masa kaɗan. Ran 4 ga Disamba 1977 ya naɗa wa kansa kambin sarkin sarakuna a Bangi, a kan gadon sarauta mai siffar gaggafa, a ƙasar da ke cikin mafi talauci a duniya. Cikin 1979 'yan makaranta suka yi zanga-zanga a kan tufafin makaranta masu tsada da aka tilasta musu saye, aka kama su, aka kashe da yawa. Kafin shekarar ta ƙare, cikin Satumba, Faransawan da suka taya shi bikin naɗi su ne suka kawo sojan da suka tuɓe shi. Mobutu na Zayar ya mulki ƙasarsa daga 1965 zuwa 1997, ya gina fadoji a Gbadolite, garin iyayensa, da filin jirgin sama a tsakiyar kurmi. Ya gudu cikin Mayu 1997, ya mutu a Rabat bayan wata huɗu. Fadojin nan an wasashe su, ciyawa ta cinye.

Akwai wani misali da ya dace da ranar yau. A shekarun 1980 Saddam Husaini ya sa aka sake gina wani sashe na tsohon birnin Babila, aka buga sunansa a jikin tubalan, yana koyi da Bukhtanasar wanda ya yi haka fiye da shekara 2,500 da suka wuce. Ya shiga yaƙi da Iran cikin 1980, ya mamaye Kuwaiti cikin 1990, babu wanda ya isa ya ce masa kada. Cikin Disamba 2003 a cikin rami aka same shi kusa da Tikrit. Su kuma Amurkawan da suka kama shi, waɗanda suka shiga Iraƙi ba su saurari gargaɗin duniya ba, shugabansu ya yi shelar an gama babban yaƙi tun watan Mayu na 2003, sai ga shi sun shekara takwas suna zubar da jini da dukiya kafin su janye cikin 2011.

Kusa da mu kuma, maƙwabtanmu na Nijar sun ga nasu. Shugaba Mamadu Tanja mutum ne da talakawa suka so, ya kuwa yi musu aiki. Da wa'adinsa ya zo ƙarewa cikin 2009 sai masu kirari suka taso da maganar tazarce. Kotun tsarin mulki ta ce ba ya halatta, aka rushe ta, majalisa ma aka rushe ta. Ran 18 ga Fabrairu 2010 soja suka kama shi a fadarsa. Mun kawo shi ne don a gane cewa ba azzalumi kaɗai wannan cuta ke kamawa ba. Mutumin kirki ma, in an yi ta gaya masa babu kamarsa, wata rana zai yarda. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

DARASIN KOGI

Mu mutanen fadama Allah ya ajiye mana malami a bakin ƙofa. Kogin Haɗejiya yana tasowa daga ƙasar Kano, ya ratsa Wudil da Ringim, ya zo mana, ya bazu ta Kiri Kasamma da Guri har Nguru, kana ya nufi Tafkin Chadi. Ruwansa ba ya hawa jigawa. Kwari yake nema, nan yake kwanciya ya bar taki, nan shinkafa da alkama da tattasai suke yi, nan masunta ke samun kifi, nan makiyayi ke kai shanunsa da rani. Tudun da ya ɗaga kai yana kallon ruwa yana wucewa. Manomin shinkafa kuma ya sani, zangarniyar da ta cika da ƙwaya ita ke sunkuyawa, wadda ta miƙe tsaye ƙaiƙayi ce.

Wannan kogi ya kuma nuna mana abin da ke faruwa in na sama ya yanke shawara bai tambayi na ƙasa ba. An gama madatsar ruwa ta Tiga cikin 1974, ta Challawa cikin 1992. Sun amfani jama'a da ruwan sha da noman rani, ba mu musun wannan. Amma tun daga lokacin ambaliyar da fadamunmu suka saba da ita ta sake hali, kachala ta toshe hanyoyin ruwa, wani wuri ya bushe, wani wuri ruwa ya ƙi janyewa. Masunci da manomi sun san hanyar kowane rafi tun kakanninsu, da an zauna da su tun farko da an rage asara. A daminar 2020 da ta 2022 kuma mun ga yadda ruwa ya ci gonaki da gidaje a masarautar nan, mun ga yadda aka kwana ana cika buhuna da ƙasa ana tare bakin gari. A waɗannan darare ruwa bai tambayi kowa sarautarsa ba, attajiri da ɗan dako buhu ɗaya suka ɗauka.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Kada mu tashi daga nan muna cewa an yi wa sarakuna da shugabannin ƙasa wa'azi. Kowannenmu shugaba ne a wani wuri: maigida a gidansa, malami a tsangayarsa, sarkin kasuwa a kasuwarsa, ɗan kwamiti a kwamitinsa. Masallaci ma ba ya hana Shaiɗan shiga zukatan masu gina shi. A Madina an gina wani masallaci don a raba kan Musulmi, wanda ake kira Masallacin Dirari. Allah ya hana Manzonsa tsayawa a cikinsa, aka rushe shi, aka yabi wanda aka kafa a kan taƙawa tun ranar farko. Mun sha ganin garuruwan da aka gina masallaci biyu suna kallon juna, ba don jama'a ta yi yawa ba, sai don mutum biyu sun kasa bin juna salla.

Abin koyinmu yana wurin Manzon Allah. Yana da shekara 35 Ƙuraishawa suka sake gina Ka'aba, suka kusa zub da jini a kan wace kabila za ta ɗora Hajarul Aswadi. Ya shimfiɗa mayafi, ya sa dutsen a tsakiya, ya ce kowace kabila ta kama gefe. Da aka zo gina masallacinsa a Madina cikin 622, da kansa ya riƙa ɗaukar tubali tare da sahabbai. Sayyidina Abubakar kuma, ranar da aka yi masa mubaya'a, ya gaya wa jama'a cewa an ɗora shi a kansu ba don ya fi su ba, in ya karkace su miƙar da shi. Annabi Ibrahim da ɗansa Isma'ila, suna ɗaga harsashin Ɗakin Allah, abin da suka roƙa shi ne a karɓa musu. Annabawa ke nan suna tsoron kada a ƙi karɓa, balle mu.

Saboda haka Malam Liman da kwamiti sun tsai da abubuwa huɗu, sun ce mu sanar da jama'a. Na ɗaya, ba za a sa wa wannan masallaci sunan wani mai bayarwa ba, ba kuwa za a rubuta sunan kowa a bangonsa ba. Wanda ya ba da motar bulo da tsohuwar da ta kawo kuɗin ƙuli-ƙulinta a ƙullin zane, Allah ne ya san wanda nasa ya fi nauyi. Na biyu, za a riƙa karanta lissafin abin da ya shigo da abin da aka kashe a gaban jama'a, kowa kuma yana da ikon tambaya, ba za a ce masa wane ne kai ba. Na uku, babu wanda za a keɓe wa wuri a sahun gaba saboda abin da ya bayar, wanda ya riga zuwa shi ke da wuri. Na huɗu, Malam ya ce in an ga kuskure a wurinsa ko a wurin wani ɗan kwamiti, a same shi a faɗa masa cikin ladabi, kada a bar shi sai a bayan idonsa.

Ga masu hannu da shuni muna cewa, Allah ya saka muku da alheri, ya mayar muku da ninkin abin da kuka fitar. Aiki yana gaba, za mu sake ƙwanƙwasa ƙofofinku, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku taimaka, sa'an nan ku manta kun taimaka, domin Wanda kuka yi dominsa ba ya mantuwa. Ga matasa kuma, wanda ba shi da kuɗi yana da ƙarfi, akwai ɗiban ruwa da yashi da kwaɓa siminti. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

In Allah ya nufa aka gama wannan gini, sau biyar a kowace rana mai sarauta da talakansa za su tsaya kafaɗa da kafaɗa, su sa goshinsu a daɓe ɗaya, su shaida cewa Allah ne Mafi girma. Wanda ya fahimci abin da yake faɗa a kabbarar harama, zai yi wuya ya fita ƙofar masallaci ya raina ɗan'uwansa.

Muna roƙon Allah ya sa wannan harsashi a kan taƙawa aka aza shi. Allah ya karɓa daga wanda ya ba da yawa da wanda ya ba da kaɗan. Allah ya tsare zukatanmu daga girman kai da riya. Allah ya ba shugabanninmu mashawarta na gari, ya ba su kunnen sauraro. Allah ya ƙara wa Mai Martaba Sarki lafiya da adalci. Allah ya ji ƙan magabatanmu, ya ba mu damina mai albarka, ya kiyashe mu da ambaliya da fari, ya zaunar da Jihar Jigawa da Nijeriya lafiya. Allah ya nuna mana ranar da za a kira salla a cikinsa, wanda kuma bai kai ranar ba Allah ya sa ladan ya iske shi a kabarinsa. Amin.